Ranar da Baba Bai Ce "Ta Fita" Ba

Salama gare ku, 'yan uwana masu karatu. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn nan da ta ce in ban faɗi yadda muka ƙare da Dogo ba, to za ta biyo ni har shago. Sha kuruminki, yau zan amayar da komai. Wanda kuma yau ne ya fara cin karo da ni, ga ni a gurguje: mai ɗaukar hoto ce ni, 'yar mai ɗaukar hoto, kuma auta a gidanmu. Dogo kuwa shi ne mai ɗaukar bidiyon da ya shigo shagonmu wata rana aron caja. Ya dawo da cajar tuni, amma shi har yau bai daina zuwa ba.

Za ku yi dariya in na ce muku kyamara ce ta kusa raba ni da shi. Ku yi abarku, ni kam kuka na yi.

Shagonmu ɗaki ɗaya ne mai faɗi, da babbar taga ta gefen hagu, da labulen bayan hoto fari da wani shuɗi da ya koɗe, wanda Baba ya hana a cire. Ba ma amfani da fitila mai walƙiya, don Baba ya ce tana firgita yara, manya kuma tana sa su yi fuskar wanda aka kama da laifi. Da hasken taga muke aiki, sai fitilun da ke zama a kunne. Kusa da ƙofa akwai kujerar katako mai hannu, an ɗora mata matashi. Nan ne mazaunin Baba tun da idanunsa suka tafi.

A hankali suka tafi, kamar yadda magariba ke shigowa ɗaki. Ranar da ya tabbatar ba zai ƙara ganin fuskar mutum ta cikin kyamara ba, ya rataya min tasa a wuya ya ce, "Ga Tsohuwa nan, ki riƙe ta da mutunci." Tsohuwa baƙa ce mai nauyi, robar jikinta ta goge har tana sheƙi a inda babban yatsansa ya saba zama. Ya haɗa min da gilasanta, waɗanda ake ɗaura mata a gaba: na fuska, na taron jama'a, da na nesa.

Amma fa bai ajiye aiki ba, kunne ya koma. Tsohuwa akwai surutu. In tana neman fuska sai gilashinta ya riƙa ɗan gunaguni, in an latsa kuma ta ce ƙat! Baba ya haddace duk muryoyinta. In ƙarar ta ja, ƙa...tas, sai ya ce, "Haske ya yi kaɗan, ja labulen taga." In gunagunin yana kai da komo ya ce, "Ba ta ga idonsa ba tukuna, dakata." In na rikice ina ta latsawa ba ƙaƙƙautawa ya ce, "Auta, kaza ce ke tsattsagar hatsi a shagon nan?" In kuwa komai ya zauna daidai, ƙara ɗaya tsaf, sai ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Ta fita!" Wallahi in na duba sai in tarar ta fitan. Yaran unguwa ba sa sauka daga kujerar hoto sai sun ji kalmar nan daga bakinsa.

Abu ɗaya ne ban taɓa ganewa ba game da Baba. Mutumin da zai sa a sake hoto don gashin ido bai fito ba, shi ne ya rataye wani hoton Mama a falonmu, saman talabijin, dishi-dishi kamar daga cikin mota mai gudu aka ɗauka. Yayata takan ce, "Gidan mai hoto guda, amma ku dubi abin da ke bango." Mun sha roƙon a sauke shi. Baba ya ce a'a, Mama kuma ta kawar da kai kamar ba da ita ake ba.

To ana nan, wata safiya ina goge gilasai sai ga saƙon Dogo.

"Kalle-Ni, kin buɗe?" Haka yake kirana, wai don kalmar da na fi faɗa a duniya ke nan.

"Na buɗe. Lafiya da sassafe?"

"Albishirinki."

"Goro."

"An ba mu aikin makarantun nan da na gaya miki. Hotunan ɗalibai da bidiyon yaye su, duk shekara. Na ce musu ina da mai hoton da babu irinta."

Na yi tsalle ni kaɗai har Baba ya ce, "Wa ya taka wuta?" Sai dai murnar tana da wutsiya. Ga wanda bai san harkarmu ba, kamfanonin kyamara kamar maƙwabtan da ba sa aron kaya suke. Gilashin wannan ba ya hawa kan waccan, batirinsu daban, har kalar da suke fitarwa daban. Dogo da abokan aikinsa duk na wani kamfani suke riƙewa. In na shiga cikinsu da Tsohuwa, ba mai ara min gilashi, ba wanda zan ara wa, kuma shi ne zai ƙage gaban kwamfuta yana daidaita kalar hotunana da ta bidiyonsa. Ashe har ya yi magana da mai shagon kyamarori: zai karɓi Tsohuwa da gilasanta, ya ba ni sabuwa irin tasu.

"Ki yi tunani," ya rubuto. "In Allah ya yi, gida ɗaya, jaka ɗaya, caja ɗaya."

Masu karatu, na tsura wa "gida ɗaya" ɗin nan ido har hasken wayar ya ɗauke, na sake kunnawa na ci gaba da kallo.

Kuskurena da na faɗa wa Yaya. Tela ce, kuma bakinta ya fi kekenta sauri. Kafin in rufe shago magana ta isa kunnen Mama. Na dawo na tarar da su a falo, Mama na ninke wanki, Yaya ta baza wani yadi ruwan zuma mai ƙananan furanni a kan kujera tana auna ni da ido.

"Ke yanzu har wani tunani za ki tsaya yi?" in ji Yaya. "Mutum ya samo miki aiki, ya samo miki sabuwar kyamara, saura me? Ya haɗa miki ruwan wanka?"

"Yaya, ta Baba ce fa."

"Ta Baba ce, ai ba Baban ba ce. Ƙarfe ne."

Mama ba ta ɗaga murya ba, ita dama ba ta buƙata. "Auta, yaron nan yana da hankali. Mai kantin magani ya zo kin ce ba ya dariya, malamin makaranta ya zo kin ce ya cika dariya. Wannan da kika ce da bakinki ya yi miki, kar ki kafa masa ƙarfe a tsakani. Namiji in ya ce mu haɗa kaya, ba kayan yake nufi ba."

Sai muryar Baba daga ɗakinsa: "Auta." Dama mun manta a gidanmu ba a yin sirri in yana kusa. Na shiga na durƙusa gefen kujerarsa.

"Ki canja," ya ce.

"Baba..."

"Ni ma ai canjawa na yi. Da fim na fara, ina wanke hoto a ɗaki mai duhu. Da zamani ya juya na bi shi, ban mutu ba. Kar ki tsaya gadin kayan tsoho rabonki ya wuce ki."

Da murmushi ya faɗa. Amma na ga babban yatsansa yana shafa kan sandarsa, irin shafar da yake yi wa Tsohuwa.

Dogo ya kawo min kyamararsa in gwada yini ɗaya. Ya zo cikin farar riga ya naɗe hannunta zuwa gwiwar hannu, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Ni ma, kar ku ce na ɓoye muku, doguwar rigata ruwan toka na sa, da mayafi ruwan hoda wanda ya taɓa cewa yana yi min kyau. Ya nuna min maɓallai, ya gaida Baba, ya wuce wurin aikinsa.

Gaskiya ɗaya ce, kyamarar nan ta haɗu. Ba nauyi, kuma da kanta take nemo idon mutum ta bi shi duk inda ya juya. Wata mata ta kawo jaririnta mai wutsil-wutsil, irin wanda da Tsohuwa sai na jiƙe da gumi, amma nan take na kama shi yana ɓangale baki. Abin da ya ɗan dame ni kawai, in hannuna ya murɗa gilashi dama, ita hagu take so. Sai kuma shiru. In ka latsa, ko ƙis ba ta cewa.

Daɗi ya ɗebe ni, ina ta aiki ina yaba wa kaina. Wajen la'asar wata 'yar maƙwabtanmu ta zo cikin sabuwar rigar makaranta a yi mata hoton kati. Na gama na ce ta sauko, ta ƙi. Ta leƙa ta bayana ta ce, "Baba Tsoho, ta fita?"

Sai a lokacin na juya. Baba na zaune ya karkatar da kai, kunnensa yana wajenmu, shayin da na haɗa masa tun safe ya huce a gefensa. Ashe tun safe haka yake, yana jira.

"Tambayi mai hoton, 'yata," ya ce. "Ni yau ban ji komai ba."

Na shiga lalube cikin maɓallai har na gano inda ake kunna mata ƙara. Na latsa, ta ce ƙit.

Baba ya yi dariya. "Wannan ai bebiya ce aka ɗaura wa lasifika. Rufe taga ki sake."

Na rufe, ɗaki ya yi duhu, na latsa. Ƙit.

"Kin ji ko? Da haske da duhu amsarta ɗaya. Irin mutanen nan ne da ko a gadon asibiti ka gaishe su sai su ce lafiya lau."

Yarinyar ta ƙyalƙyale, ni ma na yi dariya, amma ba ta kai min ciki ba.

Washegari Baba bai shirya zuwa shago ba. Wai ƙafarsa ce ke ɗan taɓa shi. Na yini ina aiki da Tsohuwa, kowane ƙat sai in juya, in ga matashi kawai a kan kujera. Na gane abin da yake yi: yana koya wa kansa zaman gida tun kafin ranar ta zo, don kar in ga damuwarsa in fasa. Da yamma ya ce in kawo masa jakar. Ya fiddo gilasan ɗaya bayan ɗaya, ya hura, ya goge da tattausan ƙyalle, ya rufe kowanne da marfinsa ba tare da ya lalube ba. "Kar mai shago ya ce kayan mai hoto da datti," ya ce. Na fita tsakar gida na wanke fuskata.

Ranar musayar, Dogo ya ɗauke ni a motar abokinsa, sai zuba yake yana tsara yadda za mu jera kaya a shagon da za mu buɗe tare. Shagon kyamarorin sanyi ƙalau, duk akwatunan gilashi. Mai shagon, wani dattijo da tabarau a kan karan hanci, ya ajiye min sabon kwali a gabana, ya ɗauki Tsohuwa yana jujjuyawa. Ya saita wata kanta da ke can lungu don ya gwada ta, ya latsa. Ƙa...tas.

Bakina ya riga ni. "Ba ta fita ba. Haske ya yi kaɗan."

Ya duba, ya yi murmushi. "Lallai kin san kayanki."

Ba kayana na sani ba, muryar Baba ce ta fito ta bakina. Nan take na ga kujerar nan da matashinta, na ga shayin da ya huce. Duniyar Baba ta riga ta tsuke, ta koma ɗaki da rediyo da wannan ƙara guda. A cikinta ne kaɗai har yanzu shi ne mai hoto, ni kuma 'yar koyo. Kuma ga ni na ɗora ta a kan kanta da hannuna.

Na jawo Tsohuwa na rungume. "Ka yi haƙuri, ranka ya daɗe. Na fasa."

A waje Dogo ya tsaya jikin mota yana kallona. "Kalle-Ni, me ya faru?"

Na yi masa bayani, amma a hargitse, rabi magana rabi hawaye.

"Na riga na ba mutane magana fa," ya ce. "Na ce musu kin amince."

"Ban ce maka na amince ba."

"Ba ki kuma ce a'a ba."

Gaskiyarsa, kuma ita ta fi yi min ciwo. Na ce, "In dole sai da irin taku, ka nemi wani mai hoton."

A hankali ya ce, "Aikin kaɗai kike nufi?"

Wallahi ina so in ce masa eh, aikin kaɗai, kai kam ba ka da madadi. Amma sai na kawar da kai ina goge hawaye, shi kuma ya ɗauki hakan a matsayin amsa. Ya sauke ni a ƙofar gida ya wuce. Yinin ranar waya ba ta bar hannuna ba. Sai in ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo, ta sake ɓacewa, ba abin da ya shigo. A can kicin, nesa da kunnen Baba, Mama ta dubi jakar ta ce, "Allah ya kyauta." Yaya ta ninke yadinta ruwan zuma ta ce, "Sai ki auri kyamarar."

Baba ne kaɗai ban iya fuskanta ba. Da safe na tsaya a ƙofar ɗakinsa, yana zaune da rediyo a cinya. Sai kawai na ɗaga Tsohuwa na latsa. Ƙa...tas.

"Haske ya yi kaɗan, ja labu..." Ya tsaya. Ya kashe rediyon. "Auta, ba ki ba da ita ba?"

"Ban bayar ba, Baba."

"Yaron fa?"

"Ban sani ba."

"Kin yi wauta," ya ce. Can kuma ya ce, "Miƙo min hulata." Ciwon ƙafa dai ban sake jin labarinsa ba.

Muna shan kwanar shago na hango mutum zaune a kan dakalin ƙofa, dogayen ƙafafunsa sun tare hanya. Ba jaka a kafaɗarsa, idanunsa sun yi ja. Ya miƙe da sauri ya durƙusa ya gaida Baba, ya karɓi makulli ya buɗe mana. Sai da Baba ya zauna a kujerarsa sannan ya dube ni.

"Jiya na yi fushi, ba zan ɓoye miki ba. Da na koma sai na buɗe wani ɗan bidiyo da na ɗauka a nan ranar da na zo aron caja, ba ki ma sani ba. Kullum ke nake kallo a ciki. Jiya ne na fara saurare."

Ya kunna a wayarsa. Ga gunagunin gilashi, ga muryata ina cewa kalle ni, ga ƙat, ga bugun sanda, sai "Ta fita!" da dariyar wani yaro.

"Rabin sana'ata sauti ne," ya ce, "amma na ɗauko bebiya na kawo shagon da ake gani da kunne. Ki yafe min."

"Aikin fa?"

"Zan daidaita kalar da hannuna, ko zai ɗauke ni yini. In abokan aikina sun yarda, to. In sun ƙi, makarantu ba su ƙare a duniya ba." Ya juya wajen Baba. "Baba, a ba ni aron Tsohuwa in ɗauke ku kai da ita."

"Ba a riƙe ta da hannu ɗaya kamar waya," in ji Baba. "Ba shi, Auta."

Na rataya masa ita a wuya. Na tsaya bayan kujerar Baba na ɗora hannu a kafaɗarsa. Dogo ya murɗa gilashi ta inda ya saba, gunaguni ya shiga kai da komo.

"Ɗaya gefen, ɗan bidiyo."

Ya gyara. Ya sa ido a kyamarar, ya daɗe, sannan ya ce, "Kalle ni." Na kalle shi. Ƙa...tas.

Baba ya buga sanda. "Ta fita!"

Na ruga na duba. Masu karatu, dishi-dishi! Fuskata kamar a cikin ruwa, hular Baba ta zama biyu. Dogo ya sunkuyar da kai, kunya ta kama shi. Ni kuma na ce a raina, ko kunnen Baba ma ya fara tafiya ne? Na sunkuya kusa da shi.

"Baba, ba ta fita ba fa. Hannunsa ya yi rawa."

"Na ji. Har numfashinsa na ji."

"To a sake?"

"Kar a sake." Ya lalubo hannuna ya riƙe. "Hoton uwarki na saman talabijin da kuke ta yi wa dariya, ranar da ta fara shigowa shagona na ɗauke shi. Na ɗauki mutanen da ba zan iya ƙirgawa ba, hannuna bai taɓa rawa ba sai ranar. Ki wanke wannan, babba, ki sa masa firam." Ya juya fuskarsa inda Dogo ke tsaye. "Kai kuma ka gaya wa mahaifinka ina son mu gaisa."

Dogo ya kusa sakin kyamarar, sai igiyar wuya ta tare ta.

"Riƙe min ita da kyau!" in ji Baba. "Ba a gama da ita ba."

Da yamma na shiga gida da hoton a naɗe cikin takarda. Yaya ta fizge ta buɗe. "Innalillahi, wani kuma? Wai gidan nan ba a iya hoto ba ne?" Mama ta ajiye tiren da ke hannunta ta karɓa. Ta daɗe tana kallonsa, ta ɗaga kai ta kalli nata na saman talabijin, ta sake kallon nawa. Ba ta tambayi wanda ya ɗauka ba. Ta goge gilashin firam ɗin da gefen mayafinta, ta goge idonta da shi kuma, sannan ta ce wa Yaya, "Fito da yadin nan da kika ninke."

Ta juyo gare ni. "Auta, nemo min guduma da ƙusa."